MAKALAR MAKO: Ba taurin kai ne ya sa Baba ya jefa na'urar ji a durowa ba

 

Akwai wata 'yar dirama da kusan duk gidan da ke da tsoho ya san ta. Ka shiga gaida Baba, ka ce "Ina kwana?" ya ce "Na'am?" Ka maimaita, ya ce "Me ka ce?" A karo na uku ka ɗaga murya, sai ya haɗe rai: "Kai, ni kake yi wa ihu? Ce maka aka yi ni kurma ne?" Ka fito kana mita, wai tsufa ya sa Baba rigima. An yi a hankali bai ji ba, an ɗaga ya ce an yi masa tsawa.

Daga nan sai 'ya'ya su haɗa kuɗi, a duba intanet ko a leƙa shagon kayan lantarki, a sayo 'yar na'urar ji mai maɓallin ƙara murya a gefe. Baba ya sa kwana biyu, a na uku ya cire ya jefa ta durowa tare da tsoffin takardu. In an tambaye shi ya ce kansa take sara masa. Sai gida ya yanke hukunci: ba ya son a taimake shi, kunyar a gan shi da abu a kunne yake ji.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, Baba ya fi mu gaskiya a duka biyun. Da gaske bai ji ba a karon farko, da gaske kuma ihun ya dame shi a karo na uku. Na'urar da ya ajiye kuwa, galibi ba na'urar ji ba ce, lasifika ce ƙarama aka cusa masa a kunne. Abin da ya raba su wani aiki ne da masana ke kira kwamfireshan, mu kuma a nan za mu kira shi matsin sauti. Wanda ya gane shi ba zai sake saya wa iyayensa na'urar ji kamar yadda ake sayen tocila ba.

Mu fara daga ma'auni. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Mai lafiyayyen kunne yana fara jin sauti tun daga wajen desibel 0. Raɗa tana wajen 30, hirar yau da kullum wajen 60, ihu a kusa ya kan kai 80 ko ya wuce. Daga wajen 100 sauti ya fara takura wa mutum, a wajen 120 ya zama ciwo. Wato kunne mai lafiya yana da fili mai faɗin desibel 100 ko fiye, kuma a cikin filin nan ne duk sautukan rayuwarmu suke, tun daga motsin ganye har zuwa ƙarar injin markaɗe.

Yaya kunne yake iya ɗaukar wannan faɗi? Can ciki, bayan fatar dodon kunne da wasu 'yan ƙasusuwa uku, akwai wani sashe mai siffar katantanwa wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu, iri biyu. Na ciki, kimanin 3,500, su ne ke kai saƙo ga jijiyar ji. Na waje, kimanin 12,000, aikinsu shi ne su ƙara wa sauti marar ƙarfi ƙarfi kafin na cikin su karɓa. Abin mamaki a nan shi ne ba sa ƙarawa daidai wa daida. Idan sauti ya zo a raunane su ɗaga shi sosai, idan ya zo da ƙarfinsa su bar shi kusan yadda yake. Ashe Ubangiji Ya riga Ya sanya matsin sauti a cikin kunnen kowannenmu tun kafin injiniyoyi su yi tunaninsa.

Waɗannan na wajen su ne suka fi saurin lalacewa. Tsufa yana cin su, yawan zama cikin ƙara yana cin su, wasu magunguna masu ƙarfi irin su allurar jentamaisin suna iya cin su, kuma a jikin ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. To idan sun tafi me zai faru? Sauti marar ƙarfi ya rasa mai ɗaga shi, sai ya ɓace. Sauti mai ƙarfi kuwa dama bai dogara da su ba, sai ya iso kamar yadda ya saba. Kamar ɗaki ne da aka yi ta cika daɓensa da ƙasa har ya taso, amma rufin yana nan inda yake. Wanda ke ciki in ya ɗan miƙe sai kansa ya bugi rufi. Wani likitan kunne ɗan Amurka, Edmund Fowler, ya bayyana wannan hali tun a shekarun 1930. Shi ne ke tsakanin "Me ka ce?" da "Kar ka yi mini ihu."

Bari mu sa lissafi, a matsayin misali kawai. A ce Baba ba ya fara jin wani sauti sai ya kai desibel 60, kuma yana damunsa da zarar ya kai 100. Filinsa ya ragu daga 100 ya koma 40. Mu ɗauki sautuka uku: maganar jikarsa mai sanyin murya, 40, hirar zaure, 60, faifan tukunya ya faɗi ko yaro ya ƙwala kuka a kusa, 80.

'Yar lasifikar kasuwa abu ɗaya ta sani, ta ƙara wa kowa adadi ɗaya. Idan aka murɗa ta ƙara 25, maganar jika ta zama 65, ya ji ta. Hirar zaure ta zama 85, ta yi ƙarfi amma da sauƙi. Faifan tukunya ya zama 105, ya fasa rufi, Baba ya dafe kunne. Sai ya rage, ta koma ƙara 15. Yanzu faifai ya tsaya a 95, hira a 75, amma maganar jika ta zama 55, ƙasa da inda yake fara ji, ta sake ɓacewa. Duk inda ya murɗa maɓallin nan sai ya yi asarar ɗaya. Mutum ya wuni yana murɗawa gaba da baya, ina laifinsa idan ya gaji ya cire?

Na'ura mai matsin sauti dabara dabam take yi. Maganar jika ta ƙara mata 25 ta zama 65. Hirar zaure ta ƙara mata 15 kawai ta zama 75. Faifan tukunya ta ƙara masa 5 ya zama 85. Duka ukun sun shiga tsakanin 60 da 100, kuma tsarinsu bai rikice ba: mai sanyi yana nan da sanyinsa, mai ƙarfi yana nan da ƙarfinsa, sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Duk lokacin da sautin waje ya ƙaru da 20, abin da ke shiga kunne ya ƙaru da 10. Wannan shi ake cewa matsi na biyu bisa ɗaya. A yawancin saiti matsin ba ya cika wuce uku bisa ɗaya. Can sama kuma akwai wata iyaka da ake sa wa na'urar, wadda ko bindiga aka harba ba za ta fitar da abin da ya wuce ta ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kula da lasifika a wurin wa'azi ko walima ya ga wannan aiki da idonsa. Hannunsa ba ya barin maɓalli. Malam ya sassauta murya, ya ƙara masa. Malam ya ɗauki zafi, ya rage. Na'urar ji ta gaske tana da irin wannan mutum a cikinta, kuma mai saita ta shi ke gaya masa abubuwa huɗu: daga wane ƙarfi zai fara ragewa, da nawa zai rage, da wane sauri zai rage idan ƙara ta taso, da kuma wane sauri zai mayar idan ta lafa. Ragewar tana faruwa cikin 'yan kashi kaɗan na dubu na sakan ɗaya, don kada ƙarar ta riga ta shiga. Mayarwar ce ake gardama a kanta. Idan ya mayar da sauri, ƙananan baƙaƙen da ke biyo bayan babban wasali za su fito, amma duk lokacin da mai magana ya ɗan numfasa sai hayaniyar fanka da ta titi su taso su cike gurbin. Idan ya mayar a hankali, sauti ya fi daɗi da kama da na asali, amma bayan an buga ƙofa zai iya ɗaukar sakan ɗaya ko fiye kafin ya dawo, kalmar da aka faɗa a wannan tsakani ta wuce. Babu saiti ɗaya da ya dace da kowa, shi ya sa na'urori da yawa na yanzu suke haɗa biyun.

Akwai wani abu kuma. Kunne ba ya lalacewa bai ɗaya. Tsufa da ƙara sun fi fara cin sashen da ke jin sirirrin sautuka, su bar na masu kauri. Wasula da karin sautin Hausa suna cikin masu kauri, su kuma baƙaƙe irin su s, sh, f da ts suna cikin sirara marasa ƙarfi. Shi ya sa tsoho zai ce maka yana jin muryarka amma ba ya gane maganarka. Ka ce "tsaya" ya ji "saya". Ka ce "fata" ya ji "sata". Idan aka ƙara ƙarfin komai gaba ɗaya, wasulan da dama yake ji su ne za su ƙara cika masa kunne su danne baƙaƙen da yake nema. Maganin wannan shi ne a raba sauti gida-gida daga mai kauri zuwa siriri, kowane gida da nasa ƙarin da nasa matsin. Wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur, wanda ya yi suna a ƙera lasifika, shi ya wallafa bincike a kan wannan tsari a 1973, kuma bai yi rajistar mallakarsa ba, ya bar shi ga duk mai son amfani da shi. Tun daga wajen 1996 da na'urorin ji masu aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta suka shiga kasuwa, wannan tsari ya zama ruwan dare.

Yanzu ga inda maganar take. Duk waɗannan lambobi, daga ina na'urar za ta san su? Ba ta san Baba ba. Ba ta san ko a 40 yake fara ji ko a 70 ba, ba ta san kunnen dama ya fi na hagu ba. Dole a auna. Ana shigar da mutum ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro, a riƙa aika masa sautuka daga masu kauri zuwa sirara, yawanci daga haz 250 zuwa 8,000, kowane kunne dabam, ana rubuta inda ya fara ji. Sakamakon nan ake zubawa a kwamfuta, ita kuma ta yi amfani da ƙa'idar lissafi da aka gina bisa bincike, kamar NAL ta ƙasar Ostireliya ko DSL ta ƙasar Kanada wadda aka fi amfani da ita ga yara, ta fitar da ƙarin da ya dace ga magana mai sanyi, matsakaiciya da mai ƙarfi a kowane gida. Inda aiki ya cika, ana zura wani siririn bututu cikin kunnen tare da na'urar, a kunna magana a matakai uku, a auna abin da ke isa kusa da dodon kunne da gaske, domin ramin kunnen kowa da girmansa, kuma girman yana canza sauti. Bayan makonni a dawo a gyara abin da mai ita ya yi kuka da shi.

Ko gilashin ido ba ma ɗaukar na wani mu sa, sai an gwada mu. Ko yadi muka saya sai tela ya auna. Amma kunnen iyayenmu, wanda ba a dasa masa sabon gashi idan ya mutu, shi muke saya wa kaya a makance. Kuma abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Na'urar da ba ta da iyakar sama tana iya zuba ƙara mai yawa a kunnen da dama ya raunana, garin neman gira a rasa ido.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Na'ura ta gaske tana da tsada, masu gwajin ba su da yawa, wanda ke ƙauye sai ya yi doguwar tafiya, da babu gara ba daɗi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ma suna goyon bayan kukan. Rahotonta na 2021 ya ce mutum fiye da miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kusan kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kashi 17 cikin ɗari kacal na masu buƙatar na'urar ji ne suke amfani da ita. A cikin ƙasashe matalauta, kashi 93 cikin ɗari ba su da ko masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. Za su ƙara da cewa ai ko Amurka tun Oktoban 2022 ta halatta sayar da na'urar ji a kanti ba tare da takardar likita ba.

Gaskiya ne. Amma a duba sharuɗɗan Amurkan: ga manya ne kawai 'yan shekara 18 zuwa sama, masu rauni kaɗan zuwa matsakaici, kuma doka ta ƙayyade iyakar ƙarar da na'urar za ta fitar. Abin da ake tallata mana a waya da hoton tsoho yana murmushi, wa ya duba shi? Sannan "ba daɗi" ɗin da ya ƙare a durowa bayan kwana uku, da shi da babu duk ɗaya, har ya fi babu muni, domin ya bar Baba da yaƙinin cewa na'urar ji ba ta aiki. Gobe ko an samu ta gaske sai an sha fama kafin ya yarda ya gwada.

Abin da muke kira gare shi shi ne a sauya tsarin kashe kuɗin: gwaji tukuna, saye daga baya. Gwaji ya fi na'ura araha nesa ba kusa ba, kuma wani lokaci shi kaɗai ya isa. Akwai wanda dattin kunne ne ya taru ya toshe masa, a wanke ya tashi yana ji. Akwai mai ruwa a bayan dodon kunne ko mai fatar da ta huje, wanda magani ko tiyata yake buƙata. Irin waɗannan katantanwarsu lafiya lau take, matsalarsu dabam, saitinsu ma dabam. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri kuma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Idan an zo saye, a yi tambayoyi huɗu ba tare da jin nauyi ba. Shin za a saita ta da sakamakon gwajinmu? Shin tana rage ƙari da kanta idan sauti ya yi ƙarfi? An sa mata iyakar sama daidai da kunnen mai ita? Idan ta dame shi, ina za mu dawo a gyara, kuma nawa ne? Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan, a yi masa godiya a wuce. Yaro ƙarami kuwa, musamman wanda sanƙarau ko wata cuta ta taɓa masa ji, kada a kuskura a saya masa komai a kasuwa, domin shi ba zai iya cewa ta yi masa ƙara ba.

Kada kuma mu yi wa matsin sauti yabon da ya wuce shi. Ba ya dawo da kunnen ƙuruciya. Idan aka matsa da yawa, magana ta kan zama shimfiɗaɗɗiya, tudu da kwarinta su baje, ganewa ta ƙara wuya. A cikin hayaniyar kasuwa ko gidan biki, ko na'ura mafi tsada tana shan wahala. Kuma wanda ya shekara goma bai ji takun kaza ko ƙarar takarda ba, ranar da suka dawo za su dame shi, sai ƙwaƙwalwa ta yi makonni tana sabawa. Wannan lokaci ne da yake buƙatar haƙurin iyali, a riƙa ƙarfafa masa gwiwa yana sawa kullum, a rubuta abin da ke damunsa a kai wa mai saiti.

Kafin a samu kuɗin na'ura ma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Mu daina ihu. Mu matso kusa, mu fuskance shi ya ga bakinmu, mu kashe rediyo ko talabijin, mu yi magana a sarari ba da gaggawa ba. Idan bai gane ba, mu sauya kalmar maimakon mu ƙara mata ƙarfi. Wannan shi ne aikin da gasun kunnensa suka daina yi masa, mu sai mu karɓa.

Mu marubuta kuma muna da namu laifin. Sau nawa muka sa tsoho mai raunin ji a labari ko a fim don a yi dariya kawai, a ce masa "Ina kwana" ya ce "Ba na sayarwa"? Mutumin nan a hankali yake janyewa daga majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure, ya zauna a sahun gaba ranar Juma'a amma huɗuba ta wuce shi, jikoki su daina kawo masa hira saboda sun gaji da maimaitawa. Wannan kaɗaici ya cancanci alƙalaminmu fiye da barkwancin. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, ba laifi ƙungiyoyinmu su riƙa gayyato masana su yi wa jama'a bayani da Hausa, mu kuma mu taya su samar da kalmomin. Hukumomin lafiya na jihohi da na inshora su ma lokaci ya yi da za su ɗauki gwajin ji da saitin na'ura a matsayin magani, ba kayan ado ba.

Mu matasa da ke kwana da abin sauraro a kunne, muna wuni kusa da janareta, mu tuna ƙwayoyin nan 12,000 da su aka haife mu, babu ƙari. Layin da Baba yake kai, muna bayansa.

Wanda ke da irin wannan na'ura a durowar gidansu, muna roƙonsa a wannan mako ya je ya zauna kusa da mai ita, ya tambaye shi a hankali me ta yi masa ya cire ta. Ya saurari amsar, sannan ya nemi inda ake gwaji. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu. Muna jiran gyara da ƙarin bayani, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.